Wa Zai Tsaya wa Mai Gammo?

Duk wanda ya saba zama a majalisar dattawa a Zangon Tamale tsakanin La'asar da Magariba, ya san irin tambayar da akan yi wa yaron da ya gama sakandare idan ya zo gaisuwa, ya tuɓe takalmansa daga nesa, ya durƙusa. Akan ce da shi, "To, samari, me kake so ka zama?" In ya ce likita, sai a sa masa albarka, in ya ce lauya ko injiniya, sai a ce madalla, in ya ce soja ko ɗan kwastan, sai a ce Allah Ya ba da sa'a. Amma a tsawon shekarun da na yi ina halartar wannan majalisa, waɗanda ba kaɗan ba ne, ban taɓa jin yaro guda ya ce burinsa shi ne ya ƙarar da rayuwarsa wajen tsaya wa 'yan ƙwadago har haƙƙinsu ya shiga hannunsu ba, kuma ban taɓa jin dattijo guda ya nuna wa ɗansa wannan tafarki ba. Wannan shiru ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kuwa idan akwai yanki a Gana wanda ya fi kowane buƙatar irin wannan mutum, to, yankinmu ne na Arewa, wanda ya shafe fiye da shekara 100 yana tura ƙarfin 'ya'yansa Kudu, alhali bai taɓa zama ya yi shawarar wanda zai bi sawunsu ya ƙirga musu ladansu ba.

Bari in fara da abin da idona ya gani, tun da gani ya kori ji. Muna da wani maƙwabci, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta, wanda ya yi gadin dare a wani babban shago na cikin gari shekara 20 da 'yan kai. Da damina yana raɓewa a ƙarƙashin rumfar kwano, da hunturu yana hura 'yar wuta yana jin ɗumi, tocila a hagu, sanda a dama, kuma ba a taɓa jin an ɗauke ko allura a inda yake tsaro ba. Da ganinsa ya fara rauni, sai aka kira shi wata safiya aka yi masa godiya, aka damƙa masa albashin wata guda da buhun shinkafa, aka ce ya je ya huta. Ya tambayi kuɗin sallama, aka ce babu takardar da ta nuna an yi masa wannan alkawari. Ya sami ɗan rakiya ya tafi ofishin fansho, aka duba aka tarar maigidansa bai taɓa zuba ko sisin kwabo da sunansa ba. Kafin shekara ta zagayo, ɗansa na fari ya bar makaranta ya shiga koyon kanikanci a Lamashegu, 'yarsa kuwa, wadda malamanta suke yabon kaifin basirarta, ta ɗauki daro da gammo ta hau motar Kumasi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, doka tana tare da wannan bawan Allah daga farko har ƙarshe. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta wajabta a rubuta yarjejeniya ga duk wanda aka ɗauka aikin da ya kai wata 6. Dokar fansho ta 2008 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 13 cikin 100 a kan albashin ma'aikacinsa, a cire kashi 5 da rabi daga hannun ma'aikacin, kuma wanda aka zuba wa na wata 180, in ya kai shekarun ritaya, ya cancanci fansho muddin ransa. Akwai kuma Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda dokar ta kafa musamman domin sauraron irin wannan ƙara. Mu maƙwabta muka yi abin da muka saba, watau karo-karo da sadaka da addu'a, amma ba a sami ko ɗaya a cikinmu da ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba, kuma har yau ina jin nauyin wannan a wuyana. Gidan nan mutum guda ya rasa: wanda ya san dokar, yake da lokacin bin ta ofis-ofis, ba ya kuma jin kunyar zama a ƙofar mai shago har a fito. Da an same shi, da yarinyar nan tana aji.

Wannan rashi yana da asali, wanda ya kamata matasanmu su sani. Tun zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina su nufo Gwanja neman goro, a kan 'yan alaro da bayi da jakuna ake ɗora kaya, kuma kasuwar Salaga, wadda ba ta da nisa da mu, ta shahara da cinikin goro da na 'yan Adam a lokaci guda. Shaihin malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete-Karaci a 1934, ya ga halin da matalauci yake ciki a wannan ƙasa har ya tsara waƙa a kan talauci da wadata. Sa'ad da Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a Arewa, suka mai da mazaunin hukumarsu Tamale a 1907, sai suka dubi ƙasar suka ga ba ta fid da koko, ba ta fid da katako, suka yanke hukuncin cewa amfaninta shi ne maza majiya ƙarfi. Daga 1906 har wajen 1927 ana aika wa sarakuna umarni su ba da samari, a kora su a ƙasa zuwa ramukan zinariya na Tarkwa da Prestea da wuraren aikin gwamnati. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun ɗanɗani makamancin wannan a ma'adinan kuza na Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka raɗa masa suna diban gwamna. Jirgin ƙasa, wanda ya isa Kumasi tun 1903, a nan ya ci birki, har yau bai ƙetaro mana ba. Ilmin zamani kuwa aka yi masa ƙulli: an buɗe sakandaren Mfantsipim a bakin teku tun 1876, Tamale ba ta sami tata ba sai 1951, tazarar shekara 75 ke nan cur. Mutumin da aka hana wa alƙalami aka miƙa wa diga, ta ƙaƙa zai karanta takardar da aka ce ya dangwala mata yatsa?

Da aka daina tilas, sai rani ya gaji aikin ɗan sanda. Damina ɗaya gare mu a shekara, alhali Kudu suna da biyu, saboda haka da an kai amfani rumbu sai samari su ɗauki sanda da buzu su ƙetare kogi a Yeji, su bazu a gonakin koko, inda mai kula da gona yake samun kashi ɗaya cikin uku bisa tsarin da Asante suke kira abusa. A kasuwannin Kumasi da Ankara, babban birnin ƙasarmu, dako a da sana'ar maza ce, galibinsu Zabarmawa da mutanen Gao da sauran baƙi. Da gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi a ƙarshen 1969, wadda ta watsa gidaje masu yawa a zangunanmu, sai gurbin ya buɗe, sannu a hankali 'yan matan Dagomba da Mamprusi da maƙwabtansu suka cike shi. Sunan da ake kiransu da shi ma shaida ne a kanmu: kayayo, rabinsa kalmarmu ce ta kaya, rabinsa kalmar mutanen Ga ce mai nufin mace.

To, kada wani ya ce mini ai wannan aiki na tsaya wa ma'aikaci baƙon abu ne, ko kuwa ba ya kai mutum ko'ina. Ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar jirgin ruwa a Sekondi da Takoradi su ne ƙashin bayan babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, TUC, wadda aka kafa a 1945, kuma mutane irin su Pobee Biney, direban jirgin ƙasa, da Anthony Woode su ne suka ja ma'aikata zuwa yajin gama-gari na Janairun 1950, wanda ya girgiza mulkin mallaka ya share wa Kwame Nkrumah hanya. Masu haƙar ma'adinai, waɗanda da yawa daga cikin masu shiga raminsu 'yan Arewa ne, sun yi yaji na kimanin kwana 100 daga ƙarshen 1955 zuwa farkon 1956. Alhaji A. M. Issifu ya riƙe sakatariyar TUC a shekarun 1970. A Nijeriya Michael Imoudu ya ja yajin 1945. Malam Aminu Kano, kafin siyasa ta ɗauke shi, ƙungiyar malaman makaranta ta Arewacin Nijeriya ya kafa a 1948. Alhaji Hassan Sunmonu ya jagoranci yajin 1981 wanda ya haifar da mafi ƙarancin albashi na naira 125, sa'an nan ya zo Ankara ya riƙe ƙungiyar haɗin kan 'yan ƙwadagon Afirka daga 1986 har 2012. A Nijar, Djibo Bakary malamin makaranta ne da ya bi ta ƙungiyoyin ƙwadago har ya zama magajin garin Yamai a 1956. Ko a shekarun baya-bayan nan mun ga ƙarfin abin da idonmu: a Disambar 2022, lokacin da gwamnati ta so ta sa kuɗin fansho cikin shirinta na sake tsarin bashin cikin gida, barazanar yaji ce ta sa aka tsame su, a Yulin 2024 kuma, da aka yi niyyar sayar da kashi 60 cikin 100 na hannun jarin asusun fansho a wasu otal-otal, ƙungiyoyin ƙwadago suka ce ba su yarda ba, aka fasa cinikin.

Waɗannan nasarori ne na haƙiƙa, kuma ba na rage musu daraja ko ƙwayar zarra. Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya: inuwarsu ta fi sauka a kan mai takardar albashi, watau malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da akawun gwamnati, alhali wajen 8 cikin kowane 10 na masu neman abinci a Gana ba su da takardar albashi, ba su da ofis, sau da yawa ma ba su da maigida guda da za a nuna a ce ga shi. Kwamitin ɓangarori uku, watau gwamnati da masu ɗaukar aiki da ma'aikata, ya yanke mafi ƙarancin ladan yini sidi 18.15 a 2024, ya ɗaga shi zuwa 19.97 a 2025, amma wannan lissafi bai san da zaman 'yar dako ba, wadda take ɗaukar dilar gwanjo mai nauyin kilo 55 a kasuwar Kantamanto ta Ankara, a ba ta abin da aka ga dama, in ta yi magana a kira wata. Doka ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12. Ita kuwa goyo a baya, kaya a ka, tun kafin jikinta ya koma. Dokar yara ta 1998 ta lissafa ɗaukar kaya mai nauyi cikin ayyuka masu haɗari da aka haramta wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma duk wanda ya tsaya a kasuwar Kejetia ta Kumasi rabin sa'a zai ga 'yan matan da ba su kai ko kusa ba. An soke kuɗin tikitin da ake karɓa a hannunsu a kasafin 2017, abin a yaba. Amma da annobar korona ta zo aka rufe Ankara da Kumasi a ƙarshen Maris na 2020, a cikin motar kaya aka tare wasunsu a Ejisu suna ƙoƙarin komawa gida Walewale, domin wadda take cin abin da ta ɗauka a yinin, in kasuwa ta rufe, tukunyarta ta rufe.

Ba sai mun je Kudu ba ma. Matan ƙauyukan da ke kewaye da mu suna fita tsintar kaɗanya tun kafin alfijir a farkon damina, a cikin ciyawar da macizai suke kwana, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ake neman kuɗin huɗa da na taki. Saboda haka sukan sayar da arha ga mai kuɗi a hannu, shi kuwa ya ajiye har farashi ya tashi, daga bisani man ya ƙare a cikin cakulan da man shafawa na Turai. Ga masu tuƙa keke mai ƙafa uku da suke kai wa mai shi kuɗi kullum ko an samu ko ba a samu ba. Ga leburorin gini da ake ɗauka da safe a sallama da yamma, in bulo ya faɗo wa mutum a ƙafa jinyarsa a kansa. Ga masu ɗaukar buhu a kasuwar Aboabo. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai bakuna biyar ko goma a bayansa.

Akwai wata baiwar Allah a ƙasar Indiya da nake so 'yan matanmu masu karatu su san labarinta, domin abin da ta tarar kamar a nan aka yi shi. Sunanta Ela Bhatt, lauya ce a ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta birnin Ahmedabad. A 1971 mata masu jan kura da masu ɗaukar dilolin tufafi a ka suka kawo mata kuka a kan ladan da ake ba su. Ta rubuta halinsu a jarida, 'yan kasuwa suka mai da martani a jaridar suna musantawa, har suka bayyana kuɗin da suka ce suna biya a kan kowane kaya. Sai ta ɗauki wannan farashi da suka faɗa da bakinsu, ta buga shi a ƙananan katuna, ta raba wa matan, kowace ta riƙe nata ta nuna a lokacin biya. Da ta je rajistar ƙungiyarsu, hukuma ta fara ƙi, bisa hujjar cewa waɗanda ba su da maigida ba su da wanda za su yi jayayya da shi. Ta dage har aka yi wa ƙungiyar, mai suna SEWA, rajista a 1972, bayan shekara biyu kuma mata 4,000 suka zuba rufi goma-goma suka kafa bankinsu. Ta rasu a 2022, ta bar ƙungiya mai mambobi fiye da miliyan 2. Abin lura a nan, fiye da shekara 50 ta yi a kan mas'ala guda.

Mu kuwa da muka tashi a gaban malamai, ba mu da uzurin ɗaukar wannan a matsayin bidi'ar 'yan boko. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar ya wuce ta kan hukuncin ijara, ya ji cewa sharaɗi ne a san aikin, a san ujurar, a san wa'adin, domin jahiltar ɗayansu garari ne mai ɓata ƙulli. Ya kuma ji irin tsananin da shari'a ta yi a kan wanda ya sa mutum aiki, aikin ya kammala, sa'an nan ya hana shi ladansa ko ya yi ta ja masa rai. Nafaƙar iyali wajibi ce a kan magidanci, kuma ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. To, wanda ya danne ladan magidanci ya zalunci matarsa da 'ya'yansa tare da shi, wanda ya ƙwato masa kuwa ya ciyar da gida guda ba tare da ya ɗebi ko mudu daga rumbunsa ba. A sira ma akwai abin koyi. Wani baƙon ɗan kasuwa daga Zabid ta ƙasar Yaman ya sayar wa wani babba cikin Ƙuraishawa haja, aka hana shi kuɗinsa domin an ga ba shi da dangi a Makka. Ya ɗaga murya ya kai kuka, sai wasu gidaje suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka ƙulla alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo, abin da aka sani da Hilful Fudul. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci wannan zama yana matashi, ya kuma yabe shi bayan an aiko shi. A fahimtata, tsaya wa mai rauni a kan ladan guminsa farali ne na kifaya, wanda in wasu suka ɗauka ya sauka daga kan saura, in kowa ya bari kuwa laifin ya hau kan al'umma baki ɗaya.

Kada matashi ya zaci aikin nan hawa mumbari ne da ɗaga tuta ranar 1 ga Mayu. Galibinsa aiki ne mai cin rai wanda ba a tafa wa mai yinsa. Sammako ne zuwa tasha kafin motar Kudu ta tashi, a rubuta sunan yarinya da ƙauyensu da lambar wayar wanda za a kira in wani abu ya faru. Zama ne da magajiyar mata da sarkin tasha da shugabannin kasuwa har a daidaita a kan ladan buhu da na dila, a rubuta, a kafe a inda kowa zai gani. Bin katin inshorar lafiya ne ɗaya bayan ɗaya kada wa'adinsa ya ƙare. Lallashin mai walda da mai ɗinki ne su riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa a asusun fansho, tun da yanzu ƙofar a buɗe take ga mai sana'ar kansa. Mai da adashi ne ya zama asusu mai littafi da shaidu. Yana bukatar harshen Dagbani da Mampruli da Twi tare da Hausa da Turanci, yana bukatar sanin doka da lissafi, ya fi kuma bukatar haƙurin mai kamun kifi. Wata rana ma ɗaukar gawa ne daga Kumasi zuwa ƙauye, da tsayawa a gaban iyaye.

Akwai haɗari guda da ba zan ɓoye ba, shi ne siyasa, domin duk wanda ya tara jama'a, masu neman ƙuri'a za su neme shi. Tarihinmu ya ishe mu wa'azi. Dokar ƙwadago ta 1958 ta ƙarfafa TUC ta kuma ɗaure ta a jikin jam'iyya mai mulki, har ya zamana a Satumbar 1961, da ma'aikatan Sekondi da Takoradi suka yi yajin kwana 17 a kan tilasta musu ajiyar kashi 5 cikin 100 na albashinsu, shugabannin ƙungiyar na sama suna ɓangaren gwamnati, jagororin yajin kuwa aka tsare su. Bayan shekara 10 gwamnatin Busia ta rushe TUC ɗin ɗungurungum, sai da mulki ya sake hannu a 1972 aka maido ta. Wanda zai riƙe amanar masu gammo, lalle ne ya iya gaisawa da kowace jam'iyya ba tare da ya ci tuwon ɗayarsu ba.

Na san abin da wasu 'yan'uwa 'yan kasuwa za su ce, domin sun sha faɗa mini: mu ma fa fama muke, ribar ba ta taka kara ta karya ba, in aka ɗora mana takarda da fansho sai mu sallami yaran gaba ɗaya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma wakilin ma'aikata mai hankali ba ya auna mai tebur a bakin titi da ma'aunin kamfanin siminti. Amma rubuta wa yaronka abin da kuka yi alkawari a kai ba ya cin ko sidi guda, biyan lada a ranar da aka ambata ba ƙarin kuɗi ba ne, kuma wanda ya iya sake mota duk shekara biyu ba zai ce gudummawar fanshon maigadinsa ce za ta karya shi ba. Wajibi ne kuma mu juyo da madubin cikin gidajenmu. Yarinyar da aka kawo mana daga ƙauye da sunan riƙo, wadda take tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, 'ya'yanmu suna makaranta ita tana wanke-wanke, mene ne ladanta, a hannun wa yake shiga, yaushe take hutawa? Tun 2020 akwai ƙa'idojin gwamnati a kan masu aikatau a gidaje, waɗanda suka nemi a rubuta yarjejeniya. Haka almajirin sana'a da yake shekara huɗu ko biyar a gaban maigidansa, ya ƙware tun a ta biyu, sauran shekarun yana yi masa aiki a kan kuɗin koko da ƙosai. Wanda zai tsaya wa ma'aikaci a garin nan, wata rana ƙofar kawunsa zai ƙwanƙwasa, shi ya sa yake bukatar dattawa su tsaya a bayansa tun kafin ranar ta zo.

Saura tambayar da kowane uba zai yi, kuma yana da haƙƙin yin ta: in ɗana ya bi wannan hanya, me zai ci? Ƙungiya mai rai da kuɗin mambobinta take rayuwa, ko da sidi ɗaya ne a mako, domin wanda yake biyanka shi kake yi wa aiki. Amma kafin mambobin su taru akwai shekara biyu ko uku na shuka ba girbi, kuma a nan ne nake ganin nauyin ya hau kanmu. Jama'ar da take iya haɗa kuɗin ginin masallaci hawa biyu, take kuma biyan limami da ladan da malaman Islamiyya, ba za ta gaza ɗaukar albashin saurayi guda da budurwa guda ba, waɗanda aka zaɓa bisa amana, aka tura su koyi aikin a wurin ƙungiyoyin da suka riga mu, kamar ta ma'aikatan gona da ta masu sana'ar kai da ke ƙarƙashin TUC. Jami'ar UDS, wadda aka kafa a nan Tamale a 1992, tana tura ɗalibanta su zauna a ƙauyuka a zangon karatu na uku. A cikin waɗanda suka kwana a ɗakin mai tsintar kaɗanya suka ga abin da take ci, ba za a rasa wanda zuciyarsa ta motsa ba, in ya tarar da hanya a share.

'Yar maƙwabcin nan namu ta zo gida da Babbar Sallar da ta wuce, ta shigo gaishe ni. Wuyanta ba ya juyawa sosai yanzu, sai ta juyo da jikinta duka in za ta dubi mutum. Muna cikin zance sai ta buɗe jakarta ta fito da wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya yi laushi don yawan taɓawa. A ciki ta jera sunayen matan yankinsu da suke dako a kasuwa ɗaya da ita, da ƙauyen kowace, da abin da kowace take zubawa ranar Juma'a. A shafukan baya kuma ta rubuta abin da aka fitar: kuɗin asibiti na wadda ta haihu, kuɗin mota na wadda aka yi wa rasuwa, da sunan wani mai shago da suka daina ɗaukar wa kaya mako biyu har ya biya abin da ake binsa. Na tambaye ta wa ya koya mata wannan. Ta ce, "Baba, babu kowa; ni ce dai na iya rubutu a cikinmu." Na ce, "'Yata, ki bar mini littafin nan kwana biyu in kai majalisa dattawa su gani." Ta ce sai dai in kwafa a daren, domin da shi za ta koma Kumasi ranar Asabar.